BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: Hakkin uba wajen shirya ɗansa shiga jami'a

Na yi niyyar a wannan mako mu ci gaba da bayanin da muka faro a kan hukunce-hukuncen bashi da jingina, to amma sai wani al'amari ya gitta wanda na ga bai kamata in bar shi ya huce ba, domin na tabbata akwai gidaje da yawa da irinsa ya shiga, ko kuwa yana kan hanyar shiga.

Wani Alhaji ne, ɗan kasuwa mai sayar da yadi da atamfa, wanda muka daɗe da sabawa, ya zo mini bayan sallar la'asar tare da ɗansa, saurayi ɗan shekara 18. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Allah gafarta Malam, yaron nan naka likita yake so ya zama, ga shi sunaye sun fito har sau biyu babu nasa. Na san ba ka rasa sani a jami'a. Ka taimake mu da 'yar takarda, ko nawa abin ya kama kuma ni mai iya yi ne." Na ce da yaron ya miƙo mini takardunsa. Makinsa na jarrabawar shiga jami'a ya haura 200 da kaɗan. A jarrabawar WAEC ya faɗi Fiziks, ya zo ya ci ta a NECO, amma a can kuma Kemistiri ta kuɓuce masa. Na tambaye shi yadda aka yi haka, ya ce shekara guda cur suka yi a aji biyu na babbar sakandare ba su da malamin Fiziks. Na ce, "Ka gaya wa mahaifinka?" Ya sunkuyar da kai, ya ce ya faɗa, aka ce masa Allah Ya kawo wani. Alhaji ya yi shiru, can ya ce lalle ya tuna, a lokacin kayansa ne suka maƙale a tashar jirgin ruwa ta Ikko, hankalinsa ba ya gida.

Ban kawo wannan labari don in tona asirin bawan Allah ba, shi da kansa ya ce in rubuta ko wani ya amfana. Mutumin kirki ne, bai taɓa barin kuɗin makaranta ya kwana a kansa ba. Abin da ya same shi shi ne ya ɗauka ranar da ake neman jami'a ita ce ranar da sunaye suke fitowa, alhali kuwa an yi wannan ciniki an gama tun shekara biyu ko uku da suka wuce, yana can wajen nasa cinikin.

Bari mu fara da yadda ƙofar take a yau, don iyaye da yawa suna auna ta da ma'aunin zamaninsu. An kafa hukumar JAMB a shekarar 1978 domin ta riƙa shirya jarrabawa guda ta shiga jami'o'in Nijeriya. Daga 2010 aka haɗe ta jami'a da ta kwalejojin fasaha da na ilmi ta zama ɗaya, daga 2015 kuma aka bar takarda da fensir aka koma kwamfuta gaba ɗaya. Darussa huɗu ake yi, Turanci dole ne a ciki, tambayoyi 180 a cikin awa biyu, maki kuma 400 ne. A shekarar 2025 yara kusan miliyan biyu suka zauna ta, a sakamakon farko da aka fitar fiye da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 ba, waɗanda suka sami 300 zuwa sama kuwa ba su cika 13,000 ba. Gaskiya ne a wannan shekara an sami tangarɗar na'ura wadda ta shafi yara kusan 380,000 a Ikko da jihohin kudu maso gabas, har hukumar ta nemi gafara ta sake musu jarrabawa, amma wannan bai canja hoton al'amarin ba.

A taron da aka yi a watan Yuli na 2025 an tsayar da maki 150 a matsayin mafi ƙaranci na shiga jami'a. Nan ne iyaye da yawa suke ruɗuwa, uba ya ji ɗansa ya sami 210 sai ya yanka rago. Wannan 150 ƙofar gari ce kawai, wanda ya shige ta bai isa gidan kowa ba tukuna. Kowace jami'a tana da nata ma'auni, kowane sashe yana da nasa, yawancinsu kuma suna sake tantance yara bayan JAMB. Sassan da ake rububi a kansu, watau likitanci da haɗa magunguna da aikin jinya da lauya da injiniya, a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya, da Bayero ta Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da ta Maiduguri, masu nema sun ninka gurabensu sau da yawa. Likitanci ma ba jami'a kaɗai ke da ta cewa ba, Majalisar Likitoci ta Ƙasa ce ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin da za ta ɗauka, gwargwadon gadajen asibitinta da malamanta. Shugaban jami'a da kansa ba shi da ikon ya ƙara kujera don kunyar wani.

Har ila yau akwai ƙa'idar da aka daɗe ana bi a jami'o'in tarayya: kashi 45 cikin ɗari na gurabe a kan cancanta zalla, kowa daga ko'ina, kashi 35 na yaran jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka bari a baya wajen ilmin boko. Mutanenmu sun daɗe suna jingina da kashi biyun nan na ƙarshe kamar gadon gida. To, a sani ko a cikinsu ma tsere ake yi, ɗanka zai kara ne da ɗan maƙwabcinka wanda ubansa ya tsaya masa. Sa'an nan kason jiha yana iya shigar da yaro aji, amma ba ya zauna masa jarrabawar ƙwararru da ake yi wa ɗaliban likitanci, wadda in an faɗi ta an maimaita an sake faɗuwa, sai a sallami mutum zuwa wani sashe bayan ya ɓata shekaru.

Yanzu ina ne ake yanke hukuncin? Ana yanke shi ne a ƙarshen aji uku na ƙaramar sakandare, yaro yana da shekara 14 ko 15, ranar da aka raba su, waɗannan ajin kimiyya, waɗannan ajin adabi, waɗancan ajin kasuwanci. Sau da yawa ba a ko sanar da uba, yaro ya bi abokinsa, ko malami ya tura shi inda akwai benci. Daga wannan rana wasu ƙofofi sun rufe. Mai son likitanci dole ya zauna Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji a JAMB, ya kuma kawo kiredit a cikinsu tare da Lissafi, kuma makarantun likitanci da yawa ba sa karɓa sai in a zama ɗaya aka same su duka. Wannan shi ya kayar da ɗan Alhaji, takardu biyu gare shi, kowacce da ɓarakarta. Mai son injiniya yana bukatar Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Mai son lauya kuwa yawancin jami'o'i suna neman Adabin Turanci, darasin da makarantunmu da yawa suke raina shi, wasu ma ba su da mai koyar da shi, sai yaro ya gama da sakamako mai kyau sa'an nan ya tarar an kulle shi a waje saboda darasi guda. Duk waɗannan sharuɗɗa a rubuce suke cikin kundin da JAMB take fitarwa, kyauta ne a intanet, kuma akan yi musu gyara lokaci lokaci, saboda haka a duba na shekarar da ake ciki, kada a dogara da abin da wan yaro ya gani a zamaninsa.

Magabatanmu na kusa sun fahimci wannan. A 1977 gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, tana zaɓen yara da jarrabawa tun suna tsakiyar sakandare, ta killace su ta ba su malamai da ɗakunan gwaji. Duk wanda ya san asibitocin Kano da Jigawa ya san likitocin da suka fito daga waɗannan makarantu ba kaɗan ba ne. Hikimar ba wata ba ce illa an kama icce tun yana ɗanye.

Mene ne aikin uba, musamman wanda zai ce shi bai yi boko mai zurfi ba? Ni ban yarda da wannan uzuri ba daga bakin ɗan kasuwa. Mutumin da yake riƙe lissafin dila ɗari a ka, ya san wanda ya ci bashinsa tun bara, ya san farashin Dala na safe da na yamma, ba zai ce ya kasa gane takardar sakamakon zangon karatu ba. Ba a ce ka koya masa Kemistiri ba. An ce ne ka je makarantar da ƙafarka sau ɗaya a kowane zango, ka ga shugaba, ka tambaya darasi darasi wa yake koyarwa, ka ce a nuna maka ɗakin gwaje-gwaje ka ga ko akwai kaya a ciki ko kuwa kaji ne suke kwana. In an ce babu malamin Fiziks, iyaye goma su haɗa kuɗi su ɗauki wani ya riƙa zuwa Asabar da Lahadi. Abin da Alhaji ya zo da niyyar kashewa a rana ɗaya domin alfarma, da ya isa ya biya malami na shekara guda har da canji.

Ma'aikacin gwamnati kuma nasa ciwon daban ne. Shi ya san takarda, amma ya saba da cewa komai yana da wanda za a gani. Yana ganin in lokaci ya yi zai ɗaga waya. Ga shi kuma sauyin wurin aiki yakan sa a ciro yaro daga wannan makaranta a kai waccan a tsakiyar aji biyu, ba tare da an duba ko darussan da ya faro ana yin su a can ba. Ina ba shi shawara ya yi wa ɗansa abin da yake yi wa ofis, ya buɗe masa fayil tun yana aji ɗaya. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar ɗan ƙasa ta NIN, kuma sunan da ke kanta shi na'ura take ɗauka. Mu kuwa yaro ɗaya sai ka tarar Muhammadu ne a takardar haihuwa, an rubuta shi da wani harafi a ta firamare, a sakandare kuma an sa masa sunan gari a maimakon na uba, ranar haihuwa ma iri biyu. Gyaran wannan yana cin watanni, in aka bari sai lokacin rajista to an makara.

Abu biyu ne na ga suna kayar da yaranmu masu ƙwaƙwalwa. Na ɗaya Turanci. Mu da muka yi karatun Larabci mun san ba a iya harshe da haddace ƙa'idojin nahawu kaɗai, sai an yi ta muɗala'a, an karanta littafi bayan littafi har kunne ya saba. Turanci ma haka yake. Yaron da bai taɓa gama littafi guda da kansa ba, ba zai karanta dogon nassi ya amsa tambayoyinsa cikin 'yan mintoci ba, kuma da wannan harshe ake tambayarsa sauran darussa ukun. A saya masa littattafai da jarida tun yana ƙaramar sakandare, a sa shi ya karanta wa ƙannensa da ƙarfi. Na biyu kwamfuta. Latsa waya daban, zama gaban allo da agogo yana gudu daban. Akwai yaran da ranar jarrabawa ce ranar farko da suka ɗora hannu a kan na'urar. JAMB tana shirya jarrabawar gwaji kafin ta gaske, a biya masa ya yi, ribarta ta fi kuɗinta.

Sai lokaci, wanda shi ne jarin yaro. Ba na cikin masu cewa kada yaro ya je kasuwa, zaman rumfa makaranta ce, kuma da yawanmu can muka koyi mutane. Amma wanda yake aji biyu da aji uku na babbar sakandare, in ya taso daga makaranta ya wuce kanti sai bayan magariba, da wane ƙarfi zai buɗe littafi? A bar masa kasuwa ranar hutu. Yarinya kuwa nata ya fi tsanani, ita ce wanke-wanke, ita ce raino, ita ce girki, ɗan'uwanta yana ɗaki wai yana karatu. Sa'an nan mu ne za mu zo asibiti muna ɓacin rai don namiji ne zai duba iyalinmu. Likita mace ba daga sama take faɗowa ba, 'yar wani ce da aka ɗauke wa tsintsiya awa biyu kullum har shekara uku. Malamai tun da daɗewa sun sa likitanci a cikin farillan da in wasu ba su tsaya da su ba laifi ya hau kan kowa, Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya koka a kan yadda mutanen zamaninsa suka yi sakaci da shi, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma da hannunsa ya yi rubuce-rubuce a kan magani.

Wasu iyaye kuma sukan ce to a ajiye Islamiyya sai an gama jarrabawa. Ban ga dalili ba. Yaron da ya saba tashi da asuba ya yi tilawa ya riga ya mallaki abin da 'yan ajinsu suke nema, watau zama wuri ɗaya da maimaita abu har ya zauna. A rage masa in ya yi yawa, a daidaita lokaci da malaminsa, amma kada a yanke. Masu 'ya'ya a makarantun Arabiyya su ma su sani takardar hukumar NBAIS ana karɓarta wajen neman jami'a, sai dai dole ta ƙunshi darussan da sashen yake nema. Mai burin Jami'ar Musulunci ta Madina kuma ya lura suna da iyakar shekaru, kuma ba sa son takardar sakandaren da ta daɗe a ajiye.

Akwai kuma kishiyar Alhajinmu, shi ne uban da ya wuce gona da iri. Ya riga ya yanke tun ranar suna cewa wannan likita ne, ko da kuwa yaron jini in ya gani sai jiri ya ɗebe shi, hankalinsa kuma yana wajen lissafin kuɗi ko gine-gine. A zauna da yaro a ji ta bakinsa, a dubi makinsa na shekara uku, a kai shi wajen mai sana'ar ya wuni ya gani da idonsa. Irin wannan uba shi ne kuma mai tsallakar da yaro aji, don a ce ɗansa ya shiga jami'a yana da 14. An yi ta kai-kawo a kan wannan a 2024, aka ce 18, daga baya aka dawo 16, a 2025 kuma aka tabbatar da 16 tare da 'yar ƙofa ƙarama ga masu hazaƙa ta musamman waɗanda suka sami maki 320 zuwa sama. Mafitar da wasu suka samo ita ce su je kotu su rantse a kan shekarun ƙarya. Wannan shaidar zur ce da rantsuwa a kanta, kuma yaron yana tsaye yana kallon ubansa yana yi.

Daga nan sai babbar musiba, satar jarrabawa. Akwai makarantun da 'yan zamani suka yi wa laƙabi da wuraren mu'ujiza, inda ake biyan kuɗi a rubuta wa yara amsa a allo. Mu'ujiza dai ta Annabawa ce, wannan sunansa ha'inci, kuma dokar ƙasa ta 1999 ta tanadi hukunci a kansa. Yaro ɗan shekara 16 ba shi da kuɗin wannan rajista, uba ne yake biya. Ɗan kasuwa ya san hukuncin wanda ya sa kyakkyawan hatsi a bakin buhu ya ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasa. Takardar da ta ce yaro ya san Kemistiri alhali bai sani ba, algus ce irin wannan, sai dai mai sayen a nan majinyaci ne da zai kwanta a gabansa wata rana. Ba ta ma cika yin amfani ba, don yaron zai zo gaban kwamfuta shi kaɗai, an ɗauki hoton yatsunsa, asiri ya tonu. A 2023 ƙasar nan duka ta ga yadda wata yarinya ta nuna sakamakon maki 362, bincike ya tabbatar 249 ta samu, aka hana ta zama jarrabawar shekara uku.

Game da 'yar takardar da aka roƙe ni kuwa, sai a rarrabe. In yaro ya cika sharaɗi aka danne masa hakki, ko sunansa ya ɓace saboda kuskure, to shiga maganarsa ceto ne mai kyau, kuma zan yi da ƙafata. Amma inda kujeru ƙidayayyu ne, ba a sa sunan wanda bai kai ba sai an cire na wanda ya kai. Wanda aka cire ɗin ba mu san shi ba, watakila ɗan wani manomi ne da ya yi shekara uku yana karatu da fitilar ƙwai, ba shi da wanda zai rubuta masa takarda. Rashin ganin fuskarsa bai sauke hakkinsa ba. Bugu da ƙari, tun 2017 JAMB ta kafa tsarin da duk ɗaukar ɗalibi sai ta bi ta na'urarta, wanda aka shigar ta bayan gida yana iya gama karatu ya tarar sunansa ba ya cikin rajista, ya rasa zuwa bautar ƙasa.

Wannan shi na gaya wa Alhaji, kuma bai ji daɗi ba da farko. Na ce hanyoyi uku ne a gaban yaron. Ko ya zauna shekara guda da malami na gaske ya sake jarrabawar sakandare ya haɗa darussansa a zama ɗaya, ya sake JAMB. Ko ya nemi wani sashe na kimiyya da makinsa ya kai, wanda yake karɓar zama biyu. Ko kuma ya bi ta karatun share fage irin na IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello take kula da shi, bayan ya tabbatar sashen da yake so yana ɗauka ta wannan hanya. Yaron ya ce shi zai sake, Alhaji ya ce ya ji ya gani.

Da suka tashi tafiya na tambaye shi wa ke bin wannan yaro. Ya ce mace ce, tana aji uku na ƙaramar sakandare, malamanta suna cewa ta fi wan nata kai. Na ce wane aji za a sa ta in an koma hutu? Ya ce wallahi bai sani ba, amma ranar Litinin ba zai buɗe kanti ba sai ya je ya ga shugabar makarantar. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan mas'alar jingina daga inda muka tsaya.